Filin Shawara: Masu Tara Abin da Ake Faɗa a Waya

Wasiƙu uku muka ɗauka a wannan makon, biyu daga ƙasar Boɗinga, ɗaya daga Shagari. Kamar yadda aka saba, an cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mai wasiƙa.

Baba ya ce in bar latse-latse in bi Yaya kasuwa

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina gaishe ki da aiki. Ni ɗanki ne daga Boɗinga. Na karanta kimiyyar kwamfuta, na gama hidimar ƙasa, aiki bai samu ba, ina zaune shagon cajin waya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kullum ana sa labarin garinmu a Facebook da WhatsApp da TikTok: rasuwa, ɗaurin aure, farashin gero da albasa, sanarwar rigakafi, cigiyar yaro ko ta dabba. Bayan kwana biyu in ka koma nema, kamar ba a taɓa yi ba. Sai na ƙudurta gina manhajar da za ta tattara duk abin da aka wallafa game da Boɗinga da Shagari da Yabo, mutum ya rubuta kalma ya ga abin da yake nema. Na rubuta ɗan shiri mai shiga shafukan mutane yana kwaso rubutu. Ba a jima ba wani dandali ya rufe mini shafina. Abin da na riga na kwaso ma, in na nemi kalma rabinsa ba ya fitowa alhali na san yana ciki. Data na cinye ɗan abin da nake samu. Baba ya ce in bar latse-latsen nan in bi Yayana kasuwa. In haƙura ne?

Ɗanki, daga Boɗinga

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka haƙura. Ciwon da ka gano na gaske ne. Ka tuna ƙarshen Disambar 2018, lokacin da aka kai Alhaji Shehu Shagari makwancinsa a garin Shagari. Wayoyi nawa aka ɗaga a ranar? Je ka nemi waɗannan hotuna da bidiyoyi yau, ka ga nawa za ka samu da sunan wanda ya ɗauka da wurin da ya tsaya. Wannan fa jana'izar tsohon shugaban ƙasa ce, balle cigiyar akuyar wata tsohuwa a Danchadi. Buƙatar tana nan. Sai dai ta inda ka faro ba ta nan ake farowa ba.

Rufe maka shafi da aka yi ba tsautsayi ba ne. Manyan dandalin nan sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa ba a sakin na'ura ta kwashi bayanan mutane ba da izininsu ba, kuma suna da masu gadi na na'ura da ke gane wanda ke buɗe shafi ɗari a minti guda. Tsaurin yana da asali. A 2018 aka fallasa cewa kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan masu Facebook da yawansu zai kai miliyan 87, kuma jaridun Ingila sun ambaci hannun kamfanin a zaɓen Najeriya na 2015. Daga nan aka shiga rufe ƙofofi. A 2023 Twitter, wanda ya koma X, ya daina ba masu gina manhaja damar ɗibar rubutu kyauta, mafi arhar kuɗin shiga ya fara daga dala 100 a wata. A watan Agustan 2024 Meta ta rufe CrowdTangle, kayan aikin da 'yan jarida da masu tantance labari a duniya suka dogara da shi wajen bin abin da ke yawo a Facebook da Instagram, ta maye gurbinsa da wani rumbu wanda sai masu bincike na jami'o'i da ƙungiyoyi suke neman izinin shiga. Ƙofar da aka rufe wa manyan gidajen jarida, ba za a bar wa mai shagon caji a Boɗinga ita a buɗe ba. Kada ka sake ɓata datarka wajen haura katanga.

Akwai ƙofofin da ke buɗe. YouTube yana da hanyar hukuma da yake ba masu gina manhaja kyauta, da kason da zai ishe ka bincike kusan 100 a rana, ya fi ƙarfin buƙatarka. Tashoshin Telegram na kowa da kowa ana iya karanta su ta hanyar da kamfanin ya halatta. Jaridun Hausa suna da shafukansu na intanet. Ƙofar da ta fi duka faɗi kuma, wadda ku masu kwamfuta kuke rainawa, ita ce sallama. Masu riƙe da shafukan labaran garinku mutane ne da kake haɗuwa da su a masallacin Juma'a. Je ka same su, ka ce kana son su riƙa turo maka abin da suka wallafa, kai kuma ka ajiye da sunansu a kai. Da yawa za su yi murna, don su ma abin nasu ɓacewa yake yi.

Sannan ka rage cin buri. Ka ce duk abin da aka wallafa. Rumbun da aka zuba wa gero da dawa da tsakuwa da ƙaiƙayi wuri ɗaya, ranar buƙata ba wanda zai iya ɗibar na tuwo a ciki. Ka zaɓi abu biyu. Da ni ce, farashin kasuwa zan ɗauka, da sanarwa da cigiya, domin su ne mutum zai buɗe waya ya nema da gaske, kuma ba sa cutar da kowa. Labarin tsaro kuwa, ina roƙonka ka bar shi. Jita-jitar hari tana tashin ƙauye cikin dare, kuma manhajar da ke nuna wane ne ya fara ba da labarin 'yan bindiga, daga wane gari, tana iya jawo wa bawan Allah abin da ba ka da maganinsa.

Kafin ka sake rubuta layi ɗaya na shiri, ka yi wata biyu ko uku kana aikin da hannu. Buɗe jadawali a Google Sheets, ko ma littafi mai layi. Kowane abu ka rubuta ranar da aka wallafa shi, wanda ya wallafa, dandalin da adireshinsa, garin da abin ya shafa, irin labarin, taƙaitawa cikin jimla ɗaya, da gurbi na ƙarshe: an tabbatar ko ba a tabbatar ba. A cikin wannan aikin hannun ne za ka ga abubuwan da ba malamin da ya koya maka. Za ka ga hoto ɗaya ya zo maka sau goma da sunan gari daban-daban. Za ka ga cigiyar yaron da aka gani tun bara tana ci gaba da yawo, uwarsa tana amsa waya har yau. Manhajarka tana buƙatar maɓallin da ke cewa an samu, an rufe cigiya. Wanda bai yi da hannu ba ba zai san da wannan ba. Hoto kuma, kafin ka ajiye, ka sa shi a Google Lens ko TinEye ka ga ko tsoho ne daga wata ƙasa, ka kuma leƙa shafin Dubawa, masu tantance labari, ko sun riga sun tantance shi.

Yanzu ga dalilin da nemanka ba ya fitowa, kuma nan ne aikinka zai fi na kowa daraja. Na'urorin bincike an gina su ne da tunanin Turanci, mu kuwa ba rubutu ɗaya muke yi ba. Mutum ɗaya zai rubuta Boɗinga da lanƙwasa, wani Bodinga, wani ya sa waƙafi a gaba ko a bayan harafin. Harafin ƙ wani k yake sawa, wani q. Sakkwato tana zuwa a Sokoto, tana zuwa a Skt. Ga kuma harshenku: wanda ya rubuta kassuwa da wanda ya rubuta kasuwa wuri ɗaya suka je, haka mai tahiya da mai tafiya, mai hwara da mai fara. Ga jam'i, wanda na'urar Bature ba ta san hanyarsa ba: mai neman akuya yana son ya ga awaki, mai neman tunkiya ya ga tumaki, mai neman rago ya ga raguna.

Maganin ba mai tsada ba ne. Kowane rubutu ka ajiye shi sau biyu. Na farko yadda mai shi ya rubuta, kada ka gyara ko ɗigo, shi za ka nuna wa mai nema. Na biyu na ɓoye ne, na na'ura: ka mayar da haruffa ƙanana, ka cire lanƙwasa da waƙafi, ka bi da shi ta jerin kalmomin da ka haɗa da hannunka masu nufin abu ɗaya. Abin da mai nema ya rubuta shi ma ka bi da shi ta wannan hanya kafin a gwada su. Cire lanƙwasa zai haɗa maka kalmomin da ba ɗaya ba, kamar kasa da ƙasa, amma gara mutum ya ga abu biyar ya zaɓi nasa da a ce masa babu. Rumbun bayanai na SQLite kyauta ne, yana da sashen binciken rubutu da ake kira FTS5, kuma yana aiki a kan waya ko tsohuwar kwamfuta ba tare da intanet ba. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, ga kuma dakatar da Twitter da gwamnatin tarayya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Manhajar da ba ta motsi sai da sabis, a ƙasarmu rabin manhaja ce.

Wannan jerin kalmomin Sakkwatanci da za ka tara, ka sani dukiya ce. A 2022 masu bincike, cikinsu har da malaman Jami'ar Bayero ta Kano, sun fitar da tarin NaijaSenti, rubuce-rubucen Twitter kusan 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, kuma mutane ne suka zauna suka yi wa kowane rubutu alama da hannu. Akwai ƙungiyar HausaNLP da ta Masakhane masu wannan aiki, abin da suka tara yana buɗe ga mai so. Ka neme su, ka nuna musu abin da kake yi. Saƙon murya da bidiyo kuwa, waɗanda su ne mafi yawan abin da ke yawo a wayoyin mutanenmu, na'urorin mayar da magana rubutu har yanzu suna tuntuɓe a Hausa, balle Hausar dattijon Dingyaɗi a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Ka saurara da kunnenka ka rubuta taƙaitawa. Kuma komai ka ajiye kwafinsa a hannunka. Storify, wanda aka gina musamman don tsara abin da ake wallafawa a dandali, ya rufe a 2018 da kayan mutane a ciki.

Maganar Baba kuma, ka bi ta. Ka bi Yayanka kasuwa. Farashin buhun gero da kake jira wani ya wallafa, a can za ka ji shi daga bakin dillali, ka ga bambancin kuɗin safe da na la'asar, ka san wane ne ke faɗin gaskiya. Za ka samu kuɗin data, ka samu albarkar mahaifi, ka samu mutanen da za su fara amfani da abin da ka gina. Ranar da Baba ya tambaye ka nawa albasa ta yi a watan jiya ka buɗe waya ka faɗa masa, ba sai ka ƙara yi masa bayani ba.

Maigidana yana son in kwaso masa hirar guruf ɗinmu na mata

Gwaggo, barka da war haka. Ni 'yarki ce daga Shagari, da aure da 'ya'ya uku. Maigidana yana cikin yaran wani ɗan siyasa masu yi masa aikin waya. Kwanan nan suka haɗa wani abu a kwamfuta da suke zuba rubuce-rubucen mutane a ciki, in sun sa sunan ubangidansu sai ya fito da duk wanda ya ambace shi da abin da ya ce. Yanzu ya ce in kwaso masa hirar guruf ɗinmu na adashi da na Islamiyya da na tsofaffin ɗalibai, wai mata sun fi sakin baki in sun ga ba namiji. Ya nuna mini inda ake latsawa a fitar da hirar gaba ɗaya. Na ce ina jin nauyi, ya ce ai umarnin miji ne, kuma ba abin da za a yi wa kowa, sanin masoyi da maƙiyi kawai ake so. Gwaggo, cikin guruf ɗin nan akwai mai ba da labarin rashin lafiyarta, akwai mai kukan kishiya, akwai mai neman bashi. Kwana biyu ba na barci. Ba na son saɓa masa.

'Yarki, daga Shagari

'Yata, nauyin da kika ji shi ne daidai, kada ki bari a lallashe ki ki sauke shi. Kada ki kwaso.

Bari in faɗa miki abin da wannan latsawar take fitarwa, don ki san girman abin da ake nema. Tana fitar da hirar ne tun daga inda wayarki ta ajiye, kowane saƙo da ranarsa da sa'arsa da sunan mai shi, wadda ba ki ajiye sunanta ba kuma lambar wayarta ce za ta fito tsirara. In an zaɓi haɗawa da hotuna da muryoyi, su ma su biyo. Ba a tace na siyasa a bar na ciwo. Da zarar ya shiga kwamfutarsu, ba maigidanki kaɗai zai gani ba, duk yaron da ke cikin tawagar zai iya rubuta sunan maƙwabciyarki ya karanta abin da ta faɗa da daddare tana kuka. WhatsApp ya kulle saƙonni tun 2016 ta yadda kamfanin da kansa ba ya karanta su. Ƙofa ɗaya ta rage, ita ce 'yar cikin guruf da za ta fitar. Shi ya sa aka zo wurinki.

Biyayya ga miji tana da iyaka, kuma duk malamar Islamiyyarku ta san iyakar. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma abin da aka faɗa a zaman da aka amince da juna amana ne. Dokar ƙasa ma tana gefenki. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin mutum da gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa ra'ayin siyasa da addini da lafiyar mutum cikin bayanan da ake tsananta kariyarsu, kuma akwai hukumar da aka kafa don karɓar ƙorafi. Tara sunayen mata da lambobinsu da ra'ayinsu ba da saninsu ba, abu ne da zai iya kai mutum gaban hukuma. In ta ɓaci, ubangida ba zai ce shi ya aika ba. Sunan maigidanki ne a kan kwamfutar, wayarki ce aka fitar da hirar daga cikinta.

Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ba gaban yara ba. Kada ki fara da haramun ne, namiji in an fara masa da wa'azi kunnensa toshewa yake. Ki fara da shi kansa: Baban wane, ina tsoron abin nan ya dawo kanka. Ki faɗa masa Shagari ƙaramin gari ne, ranar da wata ta ji maganarta ta cikin guruf a bakin ɗan siyasa, ba a kwana ba an san ta inda ta fita, kuma daga ranar ba gidan suna ko na biki da za ki shiga da kai a sama. Ki tuna masa cewa cikin matan nan akwai 'yan uwansa.

Sannan ki ba shi abin da zai koma da shi, don shi ma ana matsa masa ne daga sama. Abin da suka gina yana da amfani na halal. Su tara abin da mutane suka wallafa a fili, a shafukan da kowa ke gani, su cire sunaye, su jera koke-koken: gari kaza famfo ya lalace, makaranta kaza rufi ya yaye, asibiti kaza ba ma'aikaci da dare. Ɗan siyasar da aka kai wa wannan ya samu abin da zai ci zaɓe da shi. Jerin sunayen maƙiya kuwa ba ya gyara famfo ko ɗaya.

In ya nace, ki kai maganar ga wanda yake jin nauyi, mahaifinsa ko wansa ko waliyyinki, cikin sirri. In kuma kin gane an riga an ɗauki wayarki an fitar, ki sanar da masu riƙe da guruf ɗin a ranar, ko da zai yi miki ɗaci, don matan su san abin da ya fita. Ki ba su shawarar kunna saƙo mai gogewa da kansa, akwai na awa 24, na kwana 7 da na kwana 90. Ba ya hana mai niyya ɗaukar hoton allo, amma yana rage abin da za a iya kwashewa a tashi ɗaya. Allah ya daidaita tsakaninku.

Ana yanka karatun mahaifinmu ana yaɗawa

Salamu alaikum Gwaggo. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara da shekaru yana karantarwa a zaure, yana tafsiri da azumi. Almajiransa sun ɗauki karatun, wasu a kaset, wasu a memori. Tun rasuwarsa guntaye suke yawo a waya. Wani an manna hoton wani malami daban a kai. Wani an yanke shi daidai inda yake kawo maganar da zai warware, sai ya zama kamar ita ce fatawarsa. Yayanmu ya ce a bi kowa a ce ya goge, a huta. Ni kuma ina son a tattara a tsara, mai nema ya samu cikakke. Ina koyarwa a Islamiyya, ban iya kwamfuta sosai ba. Wane ne da gaskiya a cikinmu?

'Yarki, daga Sifawa

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya sa karatunsa ya zame masa haske. Yayanku kishin mahaifinku ne ya sa shi faɗin haka, ki girmama wannan. Amma gogewa ba za ta yiwu ba. Almajiran kirki ne za su ji maganarku su goge cikakken karatun, mai yankan kuwa ba zai goge nasa ba, sai a wayi gari guntun ne kaɗai ya rage a duniya. Abin da ke kashe yankakken karatu shi ne cikakkensa ya kasance a wurin da kowa zai iya kaiwa.

Ki faɗa wa Yaya cewa wannan aiki gadon garinku ne. Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa daga wajajen 1810 zuwa 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi yana kusa da shi a Boɗinga. A 1812 Malam Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. A 1813 ya haɗa Tazyinul Waraƙat, ya tattara waƙoƙinsa da suka warwatsu cikin shekaru, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin lokacin da aka yi kowacce da abin da ya jawo ta. Saboda wannan tsari ne masu tarihi har yau suke dogara da littafin wajen sanin yadda jihadi ya gudana. Abin da za ki yi wa muryar mahaifinki ke nan: kowane karatu da ranarsa, da littafinsa, da wanda ya ɗauka.

Ba kya buƙatar gina manhaja. Ki samu littafi babba da ɗaya daga cikin ɗalibanki mai hannu a waya. Ku bi manyan almajiran Malam gida-gida, da izinin Yaya kuma da sunansa, domin su sun fi sakin abin da ke hannunsu in babban ɗa ne ya aiko. Duk abin da aka karɓa a rubuta daga wa aka karɓa, shi ya ɗauka ko shi ma turo masa aka yi, wace shekara, wane littafi, daga ina zuwa ina. Wanda ba a san shekararsa ba a rubuta ba a sani ba, kada a yi ƙiyasi. Sunan kowane fayil ya fara da shekara, sai littafi, sai lambar zama, don su jeru da kansu. Kafin a saki ko ɗaya, almajirai biyu da suka zauna gaban Malam su saurara su shaida muryarsa ce kuma ba a yanke ba.

Wurin ajiya na fili, tashar Telegram tana ɗaukar manyan fayiloli kuma ana iya neman suna a cikinta, YouTube kuma ya fi sauƙin samu ga baƙo. Ki ƙara da Internet Archive, rumbun da ke ajiya kyauta tun 1996. A ƙarƙashin kowane karatu a rubuta bayaninsa da Hausa yadda mutane ke nema, da sunan surar da babin. Duk lokacin da guntu ya taso, kada ku shiga cacar baki, ku ajiye adireshin cikakken a ƙarƙashinsa, da mintin da maganar ta fara da inda Malam ya warware ta. Wanda ya manna hoton wani ko yake neman kuɗi da karatun, a fara yi masa magana ta hannun dattijo. In ya ƙi, dandalin suna da hanyar kai ƙorafin haƙƙin mallaka, kuma magada suna da bakin magana a kan abin da mahaifinsu ya bari. Akwai zaman da Malam ya amsa tambayar wani a kan matsalar gidansa, da suna ko da alamar da za a gane shi. Irin wannan a ajiye a gida, kada a saki.

In Malam ya bar rubutun hannu, ku je Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ku nemi shawarar yadda ake adana takarda. Amma ku fara da kaset, domin su ne zafi da ƙura suke ci kullum, kuma rediyon da ke juya su yana ƙara wuya a kasuwa. A haɗa rediyon da kwamfuta ta kebul, kada a kara wayar hannu a bakin lasifika, sautin zaure da ma ba ƙarfi gare shi ba. In an gama, a yi kwafi biyu, ɗaya a gidan Yaya, ɗaya a wurinki.